Zare Uku a Ƙofar Hawadis

Ni mai shayi ce, ban san allura ba.
Shekara goma sha ɗaya ina hura gawayi
a gindin darbejiya, ƙofar asibitin Gadarif,
daidai sashen da suke kira Hawadis.
Ba na ɗaura agogo, buta ce agogona:
tafasa ɗaya, kwatan awa.

Daren da na kawo Shu'aibu
yana dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa jallabiya,
aka miƙo mana gutsuren kwali:
talatin da huɗu.
Gabanmu mai ƙaya a diddige,
gabansa mai tarin mako biyu,
gabansa wata mai neman takardar hutu.
Na miƙe zan yi magana, ya kama gefen mayafina.
"Kulu, zauna.
Wanda ya riga ka barci
dole ya riga ka tashi."

Butar wata tsohuwa ta tafasa sau tara,
ina kallo ta tsakanin ƙarafan taga.
Da aka kira talatin da huɗu
kwalin ne kawai ya rage mai ɗumi a hannuna.
Gurbin tsohuwar nan na gada.

Bana, da faɗuwar ruwan fari,
aka kawo Sista Intisar, 'yar siririya,
muryarta ba ta ƙetare tebur.
Ta ja teburin nan daga can ciki
ta dasa shi a bakin ƙofa,
kafin mai kuɗi, kafin mai kati.
Ta zube zaren saƙa kala uku.
Kowa ya shigo ta taɓa wuyan hannunsa,
ta dubi leɓe, ta saurari numfashi,
ta ɗaura:
ja, wuce yanzu;
rawaya, zauna inda idona zai kai;
kore, ga benci, ga haƙuri.

Aka yi ta gunaguni har bakin kasuwa.

Daren yankan riɗi tarakta ta tsaya da ƙara,
aka sauko da yaro, Ɗahiru, lauje na rataye a ƙugunsa,
kububuwa ta sare shi a ƙarƙashin dami,
ƙafa ta zama turmi, dasashi na tsattsafo da jini.
Na ɗora buta.
Ba ta ko fara kuka ba
labule ya rufe a bayansa.

Wani dillalin dawa mai ƙaton rawani,
da koren zare da targaɗe a yatsa,
ya buga sanda a ƙasa:
"Tun la'asar nake nan!
Yaushe layi ya fara daga wutsiya?"
Na zuba masa mai kirfa, ban karɓi kuɗi ba.
Na buɗe gwangwanin sukari
na ciro kwalin, na ɗora a gwiwarsa.
Ya karanta lambar, ya dube ni.
Ban yi masa wa'azi ba.
Shayin ya huce a hannunsa.

Kada a ce na ce an gama gyara.
Likita ɗaya ne har gobe,
wuta na ɗaukewa a tsakiyar ɗinki,
gado takwas, marasa lafiya kamar fara,
masu kore kan kai asuba suna gyangyaɗi.
Ran da jan zare ya ƙare
bakin mayafinta Sista ta warware.
Ajali ba ya duba lamba, na sani,
amma ba ajali ne ya yanka kwali ba.

Ɗahiru ya fito ranar Talata yana ɗingishi,
jan zaren na nan a hannunsa, ya yi datti.
Ya ce ba zai cire ba sai uwarsa ta gani.
Ya sha kofi biyu, bashi.

Na mayar da kwalin cikin sukari.
Na ƙara gawayi.
Wata mota ce can ke shawo kwana.